Yadda ake zaɓen butum-butumi mai rikiɗa zuwa motar yaƙi a gwanjo, a wanke shi, a juya shi bai karye ba

Duk mai leƙa tarin kayan wasan yara wurin 'yan gwanjo, ko a babbar kasuwar Katsina ko wurin masu baza haja a bakin titi da yamma, ya taɓa cin karo da irinsu: butum-butumin roba, hannu ɗaya a lanƙwashe ta baya, tayoyi a ƙwauri, bakin igwa ya leƙo ta kafaɗa. Mai kaya yakan ɗauka lalatacce ne, sai ya jefa shi cikin na araha. Sau da yawa kuwa lafiyarsa ƙalau, wani yaro ne a can ƙasar da aka kwaso shi ya fara juya shi, ya gaji ya bar shi a tsakiya.

Asalin waɗannan kaya daga Japan ne. Kamfanin Takara ya fara fitar da jerin Diaclone a 1980, sai kamfanin Hasbro na Amurka ya karɓi izinin sayar da su, ya raɗa musu suna Transformers a 1984. Tun daga farko akwai masu komawa kayan soja a cikinsu. Hound koriyar jif ce ta soja, Starscream jirgin yaƙi ne samfurin F-15. A 1985 aka fito da Warpath, 'yar ƙaramar tanka ja, da Blitzwing mai siffa uku, butum-butumi da tanka da jirgi. A 1986 kuma aka kawo rukunin Combaticons su biyar, waɗanda in an harhaɗa su suke zama ƙato guda mai suna Bruticus. Har yau ana sake ƙera waɗannan da sabon fasali, kuma sababbin ne suka fi faɗowa cikin dilolin da ke iso mana.

Mafi yawan waɗanda ake kawo mini a karye, a hannun mai su suka karye, a daren da ya saye su, saboda ɗoki. Don haka ɗan'uwa, in yau ka fara, bi abin nan daki-daki.

Kayan aiki

Ba ka buƙatar kaya masu tsada, kusan komai akwai shi a gida ko a kemis ɗin unguwa.

- Ƙaramar sukudireba mai baki huɗu, irin ta masu gyaran waya. Nemi girma biyu, don notocin ba ɗaya ba ne.
- Tsohon burushin haƙori mai laushi, da busasshen burushin fenti ƙarami wanda bai taɓa shiga fenti ba.
- Sabulun ruwa na wanke-wanke, da ƙaramar roba ta ruwa mai ɗumi.
- Tsinken sakace da audugar goge kunne.
- Tsohon katin banki da ya daina aiki, don ɓanɓare sassan da suka manne.
- Hantsaki, da sanfefa mafi laushi da za ka samu.
- Jan farce marar launi, da sufa gulu.
- 'Yan ledojin nan masu zif da ake zuba ƙwayar magani a kemis.
- Farin tawul ko farin ƙyalle da za ka shimfiɗa a kan faranti mai faɗi.
- Waya mai kamara.

Farin ƙyallen nan kada ka raina shi. Noti ko sifirin in ya faɗa kan tabarma ko dardumar ɗaki, sai an yi sa'a ake ganinsa. In ba ka da ƙaramar sukudireba, kada ka ce za ka yi da bakin wuƙa ko reza. Kai wa mai gyaran waya ko mai gyaran agogo ya kwance maka a gabanka.

Akwai kuma abubuwan da ba a kusantar da su ko kaɗan: fetur, kananzir, tina, da ruwan goge jan farce. Jikin yawancin waɗannan kaya da robar ABS aka yi shi, kuma ruwan goge jan farce narkar da ita yake yi nan take. Sifirit ma yana cin fenti, don haka ba na wanki da shi.

Mataki na 1: Dubawa kafin ka biya

Ɗauki abin ka auna shi a tafin hannu, sannan ka nemi tambari. Na asali yana ɗauke da ɗan rubutu da aka zana a jikin robar, galibi a cikin cinya, ko ƙarƙashin tafin ƙafa, ko bayan wani murfi: sunan Hasbro ko Takara ko Tomy, da shekara. In ka ga sunan Tomy, to ba tsohon hannu ba ne sosai, don a 2006 kamfanonin Takara da Tomy suka haɗe. Ka kuma sani cewa shekarar da ke jiki ta fasalin ce, ana iya sake buga kaya bayan shekaru da tsohon tambarinsa.

Jabu yana da yawa. Alamominsa: babu tambari ko an kankare wurin, robar tana ƙyalli da maiƙo, gefunanta da kaifi, wani lokaci har da wari. Ban ce kada ka saya ba. Don koyon juyi ma jabu mai araha yana da amfani, in ya karye ba ka yi babbar asara ba. Amma ka saye shi a kuɗin jabu.

Bayan tambari, ƙirga gaɓoɓi: kai, hannu biyu, tafin hannu biyu, ƙafa biyu. Kada ka yi saurin cewa babu kai, sau da yawa yana ɓoye cikin ƙirji. Sai ka duba kayan motar. Tanka tana buƙatar kanta mai juyawa da bututun igwa, jif tana buƙatar tayoyi huɗu da gilashin gaba, jirgi mai saukar ungulu yana buƙatar farfela. Waɗannan su suka fi ɓacewa, kuma yawanci suna nan a gindin buhun ko ƙasan tarin. Nemi izinin mai kaya ka tona. Ni nakan ce masa ya riƙa tara mini duk wani guntun roba da bai gane ba a leda guda, in saya gaba ɗaya, kuma daga cikin irin wannan ledar ake cike giɓin kaya da yawa.

Na ƙarshe, ɗaga shi ga haske ka duba wuraren ninki. Farin layi a jikin roba mai launi alama ce an taɓa matsa wa wurin. In layin siriri ne, za a iya zama da shi. In ya tsage har farce yana shiga, rage kuɗi ko ka bar shi. Wanda robarsa ruwan zinare ce mai walƙiya da zane-zanen murɗi a ciki, musamman na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, ka yi hattara da shi ƙwarai: irin wannan robar tana rububbugewa da kanta in ta tsufa, kuma babu maganin abin. Irinsa ajiyewa ake yi, ba a juya shi.

Abu ɗaya nake roƙonka ka bari ko da kyauta aka ba ka. Wanda ake kira Megatron, na 1984, bindigar hannu yake komawa, samfurin Walther P38, kuma ta yi kama da ta gaske. A halin tsaron da muke ciki a jihar nan, abin da zai sa a tsare ka a shingen bincike kana dogon bayani ba abin sha'awa ba ne. Daga farkon shekarun 1990 an riƙa yin Megatron mai komawa tanka, nemi wannan.

Mataki na 2: Gano sunansa

Kada ka fara juya abin da ba ka san ko wane ne ba. Ɗauki hotonsa, gaba da baya, ka saka a manhajar Google Lens. In ta ba ka suna, haɗa shi da shekarar da ke tambarin ka bincika a YouTube, za ka samu masu nuna juyin daga farko har ƙarshe. Rage saurin bidiyon zuwa rabi. Ko ba ka jin harshen mai magana, hannunsa kake kallo.

A nan ake yawan yin kuskure. Suna ɗaya yana iya zama na kaya goma daban-daban. Ɗauki Brawl, ɗaya daga cikin Combaticons: na 1986 da na 2016 duk tanka ne, duk ƙafar Bruticus suke zama, amma juyinsu bai haɗa hanya ba. Tabbatar hoton da ke bidiyon shi ne abin da ke hannunka, har launi da siffar ƙafa. Girma ma yana taimakawa wajen ganewa: ajin Deluxe tsayinsa kusan santimita 14 ne, Voyager kusan 18, Leader kuma ya fi su. Ga mai farawa, Deluxe ya fi, matakansa kaɗan ne kuma robarsa tana da haƙuri.

In babu data ko bincike bai ba da komai ba, ba a fasa ba. Za ka bi ƙa'idar mataki na 5, a hankali fiye da kowa.

Mataki na 3: Wanki

Fara da busasshen burushi. Kakkaɓe ƙurar da ke saƙo-saƙo tukuna, don ƙura in ta haɗu da ruwa taɓo take zama, ta shige cikin gaɓoɓi ta daskare.

Sannan duba abubuwa uku kafin ruwa ya taɓa shi. Akwai sitika? Akwai wurin batir? Akwai sashen jiki na ƙarfe, ban da notoci da fil, ko fenti mai sheƙin azurfa? In akwai ɗaya daga ciki, ba a tsoma shi a ruwa. Jiƙa audugar kunne da ruwan sabulu, matse ta, ka bi jikin da ita kana kauce wa sitika. Tsofaffin kaya daga 1985 suna da wata baƙar sitika mai murabba'i wadda in ka murza da yatsa zafin jikinka ke fito da tambarin rukuninsa. Ruwa yana kashe ta, kuma tana cikin abin da ke ɗaga darajar kayan.

In akwai batir, kwance murfin ka cire shi yanzu. Farin gari da ka gani a kan ƙarfen wurin, batirin ne ya zubo. Ɗiga ruwan khal ko ruwan lemun tsami a auduga ka goge, ka bi da busasshiyar auduga, ka wanke hannunka. Ƙananan batura masu kama da maɓalli kada a bar su inda yaro zai kai hannu, haɗiye su yana da haɗari sosai.

Wanda roba ce zalla, sai ka tsoma shi a ruwa mai ɗumi, ɗumin da hannu ke jurewa, da ɗigon sabulu biyu ko uku. Bar shi minti goma, goge da burushin haƙori, ɗauraye. Yarfe ruwan, buɗe duk murfin da ke buɗuwa cikin sauƙi, ka shanya shi a inuwa inda iska ke wucewa. A rani yini guda ya isa, da damina ba shi kwana biyu. Kada ka ɗora shi a kan katanga ko rufin kwano don ya bushe da wuri. Notoci da fil ɗin ƙarfe da ke ciki suna tsatsa in ruwa ya kwana a kansu, saboda haka hura iska cikin ramin kowane noti kafin ka ajiye.

Mataki na 4: Sanin gaɓoɓinsa

Kafin juyi, taɓa kowace gaɓa ita kaɗai ka ga yadda take motsi. Iri huɗu za ka fi gani. Akwai mai ƙwallo, wadda ke juyawa kowane ɓangare. Wannan in an matsa mata fita take yi, kuma da gangan aka yi ta haka, sai ka mayar da ita. Akwai ta ninki, mai fil ɗin ƙarfe a tsakiya, wadda hanya ɗaya kawai take bi, kuma ita ce mai karyewa. Akwai mai murɗawa a cinya, damtse da ƙugu. Sai mai ƙara ƙas-ƙas-ƙas, wadda ke da haƙora da sifirin a ciki, ana sa ta a kafaɗa da gwiwar manyan kaya. Ƙararta ba alamar karyewa ba ce.

Ban da gaɓoɓi, akwai 'yan harsuna da ramuka da ke riƙe sassa wuri ɗaya. Duk inda ka ga ɗan harshe ya fito, akwai raminsa a wani wuri. Neman wane harshe ke shiga wane rami shi ne rabin aikin.

Mataki na 5: Juyin farko

Zauna a wuri mai haske, faranti a gabanka, lokacin da ba ka sauri. In da sanyin safiyar hunturu ne, bari rana ta ɗaga, don roba in ta yi sanyi ba ta da juriya, musamman mai garai-garai da ake yin gilashin mota da ita. Zan yi misali da tanka, don ita ta fi rikitar da masu farawa.

1. Cire duk abin da ke ciruwa: bindiga, makami mai linzami, garkuwa. Zuba su a leda mai zif.
2. Miƙar da hannuwa da ƙafafu, ka daidaita su, duk su fuskanci gaba. Ɗauki hoto. Bayan kowane motsi biyu ko uku ka sake ɗauka, don in ka ɓata hanya hotunan ne za su dawo da kai.
3. Saki abin da ke kulle. Yawanci ƙirji ko kayan da ke goye a baya suna maƙale da harshe. Sa bakin kati a tsagar ka ɗan girgiza hagu da dama. Kada ka fizga.
4. Ɓoye kai. A yawancinsu baya yake kwantawa ko ya nutse cikin ƙirji. In yana da ƙaho ko eriya, daidaita fuskar sosai kafin ka tura, don nan suke guntulewa.
5. Ninke tafin hannu cikin damtse in akwai wurinsa, sannan ka kai hannuwan inda za su zauna. A tanka, ko dai su shige ƙarƙashin kan igwa, ko su zama gefen gaba.
6. Duba ƙugu. Da yawa sai an murɗa shi ya juya baya gaba ɗaya kafin ƙafafu su hau wurinsu. In ka ga sarƙar tayoyin tana kallon ciki maimakon waje, ƙugu ko cinya ne ba a juya ba.
7. Ninke ƙafafu. Su ne ke zama sarƙar gefe biyu ko bayan tankar. Tafin ƙafa da diddige sukan ninke ciki tukuna.
8. Kawo kowane sashe kusa da wurinsa, amma kada ka danna ko ɗaya tukuna. Sai ka ga siffar tanka ta fito, sannan ka fara dannawa daga tsakiya zuwa gefe.
9. Ɗora kan igwa, mayar da bindigogi.

Aikin kamar naɗin rawani yake, kowane zagaye a kan na bayansa yake zaune, in na biyu ya karkace na bakwai ba zai kwanta ba. Shi ya sa in murfin ƙarshe ya ƙi rufuwa, laifin ba nasa ba ne. Wani abu ne a ciki bai kai maƙura ba, kuma galibi tafin hannu ne, ko diddige, ko gwiwar da ta rage ƙas ɗaya. Buɗe ka koma baya. Wanda ya sa babban yatsa biyu ya danna da ƙarfi a wannan gaɓar, shi ne zai ji ƙarar da ba ya so.

Riƙon ma yana da ƙa'ida. Kama sashen dab da wurin ninkin, yatsa ɗaya a kowane gefe. In ka kama bututun igwa ko fiffike daga can ƙarshensa ka ja, duk nauyin a kan ɗan siririn wurin da fil ya ratsa yake sauka. Ka kuma lura akwai ninki mai hawa biyu, wanda sai ka ɗaga sashen sama sannan ya tafi baya, akwai kuma wanda sai an zaro shi waje kaɗan kafin ya juya. Duk abin da ya ƙi motsi da ƙarfin yatsu biyu, tsaya ka sake kallon bidiyo.

Jif ta fi sauƙi, sai dai gilashin gabanta da madubin gefe suna son lallaɓawa. A jirgi mai saukar ungulu, cire farfela tun farko in tana ciruwa, ka mayar da ita a ƙarshe. A jirgin yaƙi kuma, hancin jirgin da tayoyin sauka ne wuraren haɗari. Tsinken sakace ke fito da tayoyin, ba farce ba. Masu haɗuwa irin su Combaticons, wato Onslaught, Brawl, Swindle, Vortex da Blast Off, koyi kowane ɗaya shi kaɗai har ka iya, sannan ka gwada harhaɗa su, kuma wajen rabawa danna maɓallin saki in akwai shi kafin ka ja.

Da ka gama, huta kaɗan, ka mayar da shi butum-butumi ta bin hotunanka daga ƙarshe zuwa farko. Komawar ce ke zaunar da abin a ka.

Mataki na 6: Gyare-gyare

Gaɓar da ta saki, har hannu yana faɗuwa da kansa: in mai ƙwallo ce, ciro ta, shafa wa ƙwallon jan farce marar launi shafi ɗaya siriri, bar shi ya bushe sarai, awa ɗaya ko fiye, sannan ka mayar. In bai isa ba, ƙara shafi na biyu. Ana yi da sufa gulu ma, amma sai ya bushe ƙarau kafin a haɗa. Wanda ya ɗiga gulu a cikin gaɓar tana haɗe, ya kashe ta ke nan. In gaɓar mai noti ce, fara da ɗaure notin kaɗan, sau da yawa shi ke nan.

Gaɓar da ta yi tauri: sassauta notinta kwata ɗaya na zagaye. In babu noti, wanke ta da ruwan ɗumi, wataƙila ƙura ce ko lemon kwalba ya bushe a ciki. In harshe ne ya cika ramin da yawa, shafa masa sanfefa sau biyu ko uku, gwada, sake shafawa. Kada ka zuba man inji, man keke ko man gyaɗa; a garin nan duk abin da ke da maiƙo ƙura yake kira. Goga bakin fensir a wurin ya fi, ko ɗan kakin kyandir.

In za ka kwance noti, danna sukudireba ƙasa sosai kafin ka murɗa don kada kan notin ya cinye. Jera su a kan ƙyalle yadda ka ciro su, tsayinsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo in ya shiga ramin gajere ɓullowa yake ta fuskar kayan. Wajen mayarwa, fara murɗa shi baya a hankali har ka ji ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sannan ka ɗaure. Fil ɗin ƙarfe kuwa, mai farawa ya bar shi inda ya gan shi.

Bututun igwa ko farfelar da ta lanƙwashe, in robar mai laushi ce: tsoma a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na rabin minti, miƙar da yatsa, ka tsoma a ruwan randa kana riƙe da shi. Zai tsaya a miƙe. Farin layin matsi ma yana raguwa da ɗumi, ko da na'urar busar da gashi daga nesa. Ashana da wutar kyandir ba su da wuri a wannan aiki.

Abin da ya karye biyu, in ba wurin motsi ba ne, ɗigon gulu a bakin tsinke ya isa. In wurin ɗaukar nauyi ne, gulu kaɗai ba ya riƙewa: huda ɗan rami a kowane ɓari da allura, sa guntun waya a tsakiya, sannan ka manna. Kada gulu ya kusanci roba mai garai-garai, tururinsa yana bar mata farin hazo da ba ya fita. Bindigar da ta ɓata kuma tana da sauƙin mayewa, don yawancin sababbin kaya ramin hannunsu milimita 5 ne, ta wani tana shiga hannun wani.

Mataki na 7: Robar da ta koma ruwan ɗorawa

Fara da toka-toka su suka fi yin wannan, saboda hasken rana da zafi. Ana dawo da haskensu da ruwan haidirojin da ake wanke ciwo da shi, mai ƙarfin kashi 3 ko 6 cikin ɗari. Kwance sashen shi kaɗai, ba ƙarfe ba sitika, nutsar da shi a kwalba mai haske, ɗora murfin ba tare da ka ɗaure ba, ka ajiye a ranar safe. Duba shi duk bayan awa ɗaya, kana juyawa. Sa safar hannu, kuma kada ya taɓa ido. Da rana ta take, shigo da shi, don zafin azahar a bazara yana iya lanƙwasa robar a cikin kwalba.

A ganina wannan aikin na farar roba ne kawai. Kore da ruwan ƙasa na kayan soja kan kode su yi dabbare-dabbare, kuma ko farar ma launin yakan dawo bayan wani lokaci. Tankar da ta ɗan yi duhu ba ta yi muni ba, na fi son a bar ta haka.

Mataki na 8: Ajiya

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, kuma saman kabad a ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Nan ne wurin da mutane suka fi ajiye kaya, nan ne kuma tayoyin roba ke tsattsagewa, sitika ta ɓanɓare. Nemi wuri ƙasa-ƙasa, jikin bangon da rana ba ta duka, nesa da taga. Cikin mota kuwa ko na awa ɗaya kada ka bari.

Da hunturu ƙura ce matsalar. Kabad mai gilashi ya fi, in ka sa kafinta ya bi bakin ƙofar da siririn soso. In babu, bokitin roba mai murfi ya wadatar: kowane kaya a ledarsa, kayan haɗinsa a ƙaramar leda da sunansa a rubuce, masu nauyi a ƙasa. Jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, saboda damina. Wanda ya zo da kwalinsa da takardar bayaninsa, adana su, suna ƙara masa daraja wurin masu tarawa, amma ɗaga kwalin daga ƙasa don gara.

Akwai maganar da ya kamata a faɗa. Wasu iyaye da 'yan'uwa ba sa son ganin abu mai siffar mutum a jere a ɗaki, kuma malamai suna da bayani a kan haka. Hukuncin ba nawa ba ne, tambayi malaminka. Abin da da yawa daga cikinmu ke yi shi ne ajiye su a siffar mota, kai da fuska a ɓoye. Ta fuskar kula da kaya ma hakan ya fi: gaɓoɓi ba sa ɗaukar nauyi, ƙura ba ta samun saƙon shiga, kuma tanka ba ta faɗowa daga inda aka ɗora ta yadda mai tsayuwa da ƙafa biyu ke yi.

Yaran gida za su nema, kuma hana su gaba ɗaya ba ya aiki. Ware musu ɗaya ko biyu masu sauƙin juyi, ka zauna ka koya musu riƙo dab da ninki. Ƙananan bindigogi da harsasan roba masu harbawa da sifirin ka cire su tukuna in akwai ɗan ƙasa da shekara 3 a gidan. Sauran kuma, duk wata biyu ko uku fito da su ka kakkaɓe, ka motsa kowace gaɓa sau ɗaya, ka duba ko wani noti ya fara tsatsa. In ya fara, ciro shi ka goge da sanfefa, ko ka kai wa mai gyaran waya ya nema maka irinsa cikin tarin notocinsa.